Darasi na Tara: Ciwon Sukari a Cikin Dangi

Duk wanda ya taɓa yankar kati a asibiti, ko matar da ta taɓa zuwa awon ciki, sun san tambayar nan da ma'aikaciyar jinya kan jefo, kanta a sunkuye tana rubutu: “A danginku akwai mai hawan jini ko ciwon sukari?” Yawancinmu kafin ta rufe baki mun ce babu. Wani iyakar saninsa ke nan. Wani kunya ce ta hana shi, don a wurinmu ciwon gida sirrin gida ne. Mafi yawa kuwa ba su taɓa zama sun tambayi kowa ba. Alhali wannan tambaya, da ba ta cin ko kwabo, tana cikin abubuwan da suka fi nuna wa likita wanda ya kamata a sa wa ido. A wannan darasi za mu ga abin da ake gada da wanda ba a gada, yadda mutum zai binciko tarihin gidansu, da abin da zai yi in ya tarar ciwon na nan.

Daga tuwo zuwa jini

Tuwo, shinkafa, burodi, doya, fura, taliya, da zarar sun sauka ciki jiki kan narkar da su su koma wani irin sukari mai suna gulukos, ya shiga jini. Wannan ba cuta ba ce, da shi muke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke aiki. Sai dai ba a jini zai zauna ba, dole ya wuce cikin tsoka da sauran naman jiki. Mai shigar da shi wani sinadari ne, insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa, likitoci na kiranta fankiriyas. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Yana taruwa yana cin jijiyoyi a ɓoye shekara da shekaru, har ido ya dushe, ƙoda ta gaza, tafin ƙafa ya daina jin ƙaya, ko a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Ciwon ba iri ɗaya ba ne. A nau'i na 1, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata wurin da ake yin insulin. Ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allura. Nau'i na 2 shi ne na mutum 9 cikin kowane 10 masu ciwon, ya fi zuwa bayan an manyanta, kuma a kansa yawancin maganarmu za ta tsaya. Akwai kuma wanda ke bayyana ga mace lokacin da take da juna biyu.

Nau'i na 2 ba ya faɗowa rana ɗaya. Akwai wani zango kafinsa, inda sukari ya haura yadda ya kamata amma bai kai a kira shi ciwo ba. Mu kira shi share-fagen ciwon sukari. Mai shi ba ya jin komai, yana cin kasuwarsa, yana nomansa. Gwajin jini kaɗai ke tona shi. In an gwada da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba sai ruwa, ƙasa da 100 lafiya ke nan. Daga 100 zuwa 125 share fage ne, ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara lissafinta. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita wata rana aka sake samun haka, ciwon ya tabbata. Kada lambobi su ruɗa ku in kun ga an rubuta 7.0 a wani asibitin Nijeriya, ko 1,26 a na Nijar. Duk 126 ɗin nan ce, ma'aunin ne ya bambanta. Cikin masu share fage, kimanin 5 zuwa 10 cikin 100 kan tsallaka zuwa cikakken ciwo a kowace shekara, wasu kuma kan koma lafiya sumul.

Mutanenmu na da nasu gwajin: a duba ko kiyashi na taruwa inda aka yi fitsari. Lura ce ta gaskiya, likitocin Indiya na zamanin da ma sun yi ta. Matsalarta ita ce sukari ba ya zubowa cikin fitsari sai ya kai wajen 180 a jini. Kafin kiyashi ya ba da labari, an daɗe da wuce share fage.

Ba irin gadon sikila ba ne

Yanzu kusan kowa ya san lissafin sikila, albarkacin gwajin jini kafin aure. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Ƙwayar gado guda ɗaya ce ke yanke hukunci, kuma duk abin da yaron zai ci ko ya sha ba zai sauya ta ba. Da yawa sukan ɗauka ciwon sukari ma haka yake. Ba haka ba ne, kuma wannan shi ne abu mafi muhimmanci a darasin nan.

A nau'i na 2, masana sun gano ɗaruruwan wurare a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da kowane ke ɗan ƙara haɗari kaɗan. Wadda ta fi ƙarfi a cikinsu, mai suna TCF7L2, masu bincike a ƙasar Ayisilan ne suka gano ta a 2006. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da tasirinta a jinin 'yan Nijeriya da Gana, daga samfuran da aka tara a binciken da Charles Rotimi, masani ɗan Nijeriya da ke aiki a Amurka, yake jagoranta. To ko ita wannan babbar, wanda ya gaje ta daga ɓangare ɗaya haɗarinsa bai wuce kusan ninki ɗaya da rabi ba. Miliyoyin mutane na yawo da ita har tsufa ba su kamu ba. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa: fankiriyas mai saurin gajiya, ko jiki mai tara kitse a ciki.

Amma sauƙin kamuwar nan ba abin wasa ba ne. A garin Framingham na Amurka an fara bin lafiyar mutanen gari tun 1948, daga baya aka ɗora da 'ya'yansu. Sakamakon da aka fitar a shekarar 2000 ya nuna wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau uku da ɗoriya. Wanda iyayensa biyu ke da shi, kusan sau shida. Ƙiyasin da likitoci suka fi amfani da shi, wanda aka samo galibi daga Turawa, shi ne kimanin 40 cikin 100 na masu mahaifi ɗaya mai ciwon za su kamu a tsawon rayuwarsu, masu iyaye biyu kuwa wajen 70 cikin 100. Haɗarin yakan ƙaru in mahaifin ya kamu tun da sauran ƙuruciyarsa. Uban da ciwo ya kama yana ɗan shekara 40 ya fi zama gargaɗi a kan kakan da ya kamu yana da 75.

Ku juya lambar ku gani. In 40 sun kamu, 60 ba su kamu ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne sak, akan sami Hassan ya kamu Husaini ya tsira. Ashe akwai wani abu bayan jini.

Jini ɗaya, tukunya daban

Babu misalin da ya fi na ƙabilar Pima fito da wannan fili. Mutane ne 'yan asalin nahiyar Amurka. Wani ɓangarensu na zaune a jihar Arizona, a bakin kogin Gila, inda suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman rani. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙi Turawa da suka zauna a saman kogin suka karkatar da ruwan. Gonaki suka bushe, yunwa ta shigo, daga baya mutanen suka koma dogaro da fulawa da sukari da kitse, irin abincin da hukuma ke rabawa da wanda ake saya a kanti. Danginsu kuwa suna can kan duwatsun jihar Sonora a Meziko, suna noman masara da wake da dankali da ƙarfin hannunsu. Da aka gwada ɓangarorin biyu, rahoton 2006 ya nuna 38 cikin 100 na manyan Pima na Arizona na da ciwon sukari, na Meziko kuwa kimanin 7 cikin 100. Asali ɗaya, bambanci ya fi ninki biyar.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun gwada Fulanin cikin birnin Sakkwato suka sami 4.6 cikin 100 da ciwon, a rahotonsu na 2011. Da suka gwada Fulanin karkara, rahoton 2013 ya nuna 0.8 cikin 100, wato ko mutum ɗaya cikin ɗari bai cika ba. Wanda ke bin shanu da ƙafa tun hantsi, da ɗan'uwansa da ya zauna a shago yana hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layi, jininsu bai bambanta ba. Zamansu ne ya bambanta.

Wannan ne ma ya sa wasu ke cewa, “Kakanninmu ba su san wannan ciwo ba, ta ina muka gaje shi?” Amsar kashi biyu ce. Wasu kakannin sun yi shi, ba a dai gwada su ba. Wasu kuma suna ɗauke da sauƙin kamuwar, amma fartanya da tafiyar ƙasa da daka da ɗiban ruwa suka rufa musu asiri. Gadon nan kamar gadon gida ne a kwari. Shekarun da aka yi ƙarancin ruwa mazauna ba su san komai ba, sai ran da aka yi marka. Wanda ya san a kwari gidansu yake, shi ke fara haƙa magudana tun kafin damina.

Akwai kuma gadon da ba ya bin jini sam. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka haɗa nazarce-nazarce da dama suka ga wanda abokin aurensa ke da ciwon sukari, haɗarinsa ya ƙaru da kimanin 26 cikin 100. Miji da mata ba lallai su haɗa kaka ba, amma sun haɗa tukunya, sun haɗa butar shayi da yawan cokalin sukarin da ake zubawa. Girman malmala, yawan mai a miya, lemon kwalba bayan kowane abinci, ɗabi'ar kwanciya da zarar an ci, duk a gida ake koyonsu. Yaron da aka ba gwaggo riƙo ya gaji jinin iyayensa, ya kuma gaji girkin gwaggo.

Abin da mahaifa ke bayarwa

Wata tara na ciki ma suna da nasu rabon. A cikin Pima ɗin nan an kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya, waɗanda aka haifa kafin ta kamu da waɗanda aka haifa bayan ta kamu. Na bayan sun fi yayyensu kamuwa nesa ba kusa ba. Da aka yi irin wannan kwatanci da ciwon uba, ba a ga bambanci ba. Ma'ana, jaririn da ya girma a mahaifar da sukari ya yi wa yawa yakan fito da ƙarin nauyi a kansa, ban da wanda ƙwayoyin gado suka ɗora masa.

Abin mamaki, yunwa ma haka take yi. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi matsananciyar yunwa a Holan. Waɗanda suke cikin mahaifa a lokacin, da suka kai shekara 50 aka tarar jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na tsararrakinsu ba. A Inugu ma, wani bincike da aka buga a 2010 ya sami ƙarin hawan jini da tangarɗar sukari a jikin waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasar Nijeriya. Jikin da aka gina cikin rashi, in ya tsinci kansa cikin wadata da zaman wuri ɗaya, yakan rikice. Wanda aka haifa a shekarun farin 1973 ko 1984 a ƙasashenmu na Sahel, yanzu kuma Allah ya buɗa masa har ya ajiye tumbi, ya dace ya sa wannan a lissafinsa.

Ga mata, darasin a bayyane yake. Ana gwajin sukarin masu ciki tsakanin mako na 24 da na 28, wato wajen wata na shida zuwa na bakwai. Wadda ke da ciwon a danginsu ta faɗa tun zuwan farko, don a gwada ta da wuri. Haihuwar ƙaton jariri, mai fiye da kilo 4, mu abin barka ne da guɗa, amma a wurin likita alamar tambaya ce. Sukarin ciki yakan sauka bayan haihuwa, sai dai wadda ta taɓa yin sa haɗarinta na kamuwa da nau'i na 2 nan gaba ya kai ninki bakwai ko fiye. Ana so a sake gwada ta tsakanin mako 4 zuwa 12 da haihuwa. Mai sauƙin tunawa: an yi arba'in, a je gwaji. Daga nan kuma duk bayan shekara ɗaya zuwa uku. Shayar da nono na rage mata haɗarin.

Nau'i na 1 da wasu 'yan tsiraru

Mutane kan zaci ciwon da ke kama yaro shi ne na gado tsantsa, amma akasin haka ne. Mafi yawan yaran da suka kamu da nau'i na 1, wajen 85 cikin 100 ko fiye, babu kowa mai shi a gidansu. In uba na da shi, yiwuwar ɗansa ya kamu kimanin 1 cikin 17 ce, ta ɓangaren uwa ma ba ta kai haka ba. Ba alewa ce ta jawo shi ba, ba kuma sakacin uwa ba ne, don haka a daina ɗora mata laifi. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ga ƙishirwa, ga rama cikin 'yan makonni, a kai shi asibiti a ranar. Wannan ba ya jiran a gama jiƙe-jiƙe.

Akwai wani nau'i da ba shi da yawa, bai fi 1 ko 2 cikin 100 na masu ciwon ba, likitoci na kiransa MODY. Shi kam ƙwaya ɗaya ce ke kawo shi, kuma kowane ɗa na da yiwuwar rabi da rabi ya gada. Alamarsa ita ce a ga kaka da uba da ɗa duk sun kamu, galibi kafin shekara 25, ba tare da ƙiba ba. In gidanku haka yake, a gaya wa likita, don wani irinsa ƙwayar sha ke yi masa, ba sai allura ba.

Yadda ake tono tarihin gida

Ba duk dangi ne nauyinsu ɗaya ba. Uwa, uba, shaƙiƙai da 'ya'yan cikinka, da kowannensu kun haɗa kusan rabin ƙwayoyin gado. Su ne layin farko, su likita ya fi nema. Kakanni, baffa, gwaggo, kawu, inna da 'yan uba, kun haɗa kashi ɗaya cikin huɗu. Taubasai da 'ya'yan baffa, ɗaya cikin takwas. A gidan da ake da mata fiye da ɗaya sai an yi hankali. In ɗan ubanka ya kamu, duba ta wane ɓangare abin ya biyo. Wataƙila daga ɗakinsu ne, ba daga mahaifinku ba. Kishiyar uwa kuwa ba jininka ba ce, amma ranar girkinta ka ci.

Wahalar ita ce a Afirka fiye da rabin masu ciwon sukari ba su san suna da shi ba. Saboda haka in ka tambayi tsohuwa ko wane ya yi ciwon sukari, za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ba sunan ciwo ake tambaya ba, alamunsa ake bi. Mu ƙaddara wani ya je gaida ƙanwar mahaifinsa.

“Gwaggo, barka da hutawa. Wata tambaya na zo da ita, a yi mini afuwa in ta yi nauyi. Marigayi Kaka, Allah ya jiƙansa, wane irin ciwo ne ya zama ajalinsa?”

“Amin, ɗan nan. Ai Malam jifa aka yi masa. Ƙaya ya taka a gona, ƙafar ta ƙi warkewa har ta yi baƙi.”

“Allah sarki. Kafin nan yakan yawaita fita da dare?”

“Kai, buta ba ta kwana da ruwa. Ga moɗa kullum a gefen shimfiɗarsa. Ga ci, amma sai ramewa yake.”

“Idonsa fa, Gwaggo?”

“Babanka ne ke yi masa jagora zuwa masallaci a ƙarshe.”

Ku lura bai tsaya musu da ita a kan jifa ba. Ba abin da ya kawo shi ke nan ba, kuma da ya yi, da ta tsuke bakinta. Ya samu abin da yake nema: miki mai ƙin warkewa, yawan fitsari, ƙishirwa, rama, makanta. Ba zai rubuta cewa Kaka ya yi ciwon sukari ba, tunda ba a gwada ba. Zai rubuta “mai yiwuwa”, ya kai wa likita haka. Sauran abubuwan tambaya su ne wanda aka yanke wa ƙafa ko yatsa, wanda aka yi wa wankin ƙoda, wanda ɓarin jikinsa ya shanye da sauran shekarunsa, matan da suka haifi manyan jarirai ko suka yi ta haihuwar ba rai, da shekarun kowa lokacin da abin ya fara. Maganar haihuwa mace ta fi dacewa ta tambayi mace.

Ga masu ciwon kuma, magana ɗaya: ɓoye wa 'ya'ya ba tausayi ba ne. Na san ana tsoron a ce gidan wane akwai cuta, a guji auren 'ya'yansu. Tsoron ba shi da tushe. Babu wani gwajin kafin aure da ke raba masu gadon nau'i na 2 da marasa shi yadda ake yi a sikila, kuma babu likitan kirki da zai ce a fasa aure don surukin na shan maganin sukari. Ko a auren zumunci, inda ciwon zai iya biyowa ta ɓangare biyu, abin da ake bukata shi ne a sani, a tarbiyyantar da yara kan abinci da motsi, a riƙa gwaji.

In ka tarar yana nan

Abu na farko gwaji ne. Ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta Amurka ta ba da shawarar kowa ya fara daga shekara 35. Mai ƙiba da ke da mai ciwon a layin farko kuwa ba ya jiran 35. In sakamako ya yi kyau a maimaita bayan shekara 3, in share fage ne duk shekara. Akwai wani gwajin, HbA1c, da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ba ya bukatar a zo da yunwa. A nan 5.7 zuwa 6.4 share fage ne, 6.5 zuwa sama ciwo. Sai dai mai sikila, mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya sanar da likita, don a jikinsu wannan gwaji kan ba da amsar da ba daidai ba.

A gida ma akwai awon da ba ya bukatar kuɗi. Samo igiya, auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar kai, yanke. Ninka ta biyu, zagaya cikinka da ita wajen saitin cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In ya ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi hana insulin aiki. A duba bayan wuya da hammata ma. Wani baƙi mai kauri da laushi da ake zaton dauɗa ce, a yi ta dirza da soso ya ƙi fita, sau da yawa alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin.

Shin gyaran zama na tasiri ga wanda ya riga ya gada? An gwada an gani. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 masu share fage aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka sa su rage 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Kashi na biyu aka ba su ƙwayar metfomin, na uku ƙwayar da ba magani a ciki. Sakamakon da ya fito a 2002, bayan kusan shekara uku, ya nuna masu gyaran zama sun rage kamuwa da 58 cikin 100, masu metfomin da 31. An sami wannan 58 ɗin a wani gwaji a Finlan, kuma a birnin Da Qing na Sin, inda aka fara tun 1986, amfanin ya bi mutanen har bayan shekara 30. Da aka koma aka duba jinin mahalarta gwajin Amurka, sai aka ga masu ɗauke da TCF7L2 ɗin nan ma gyaran zama ya dushe tasirinta a jikinsu.

Ku yi lissafin da kanku. Mai kilo 80, kashi 7 cikin 100 nasa kilo 5 da rabi ne da 'yan kai. Minti 150 kuwa rabin awa ce sau biyar a mako. Magidanci ya ajiye babur ya taka zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a. Matar da ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta: zagaye da sauri, shara, daka, wanki a tsaye. A abinci ba a ce a bar tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miya da ganye, zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, a yawaita wake. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da fulawa. Inda aka fi yin ɓarna shi ne abin sha. Yawancin lemukan kwalba na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato gorar rabin lita ta kai cokalin shayi 12, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini guda. Ga shayin safe, ga kunu, ga zoɓo, ga fura da aka danna wa sukari. Zuma ma, duk albarkarta, tana ɗaga sukarin jini. Taba sigari na ƙara haɗarin.

Sai abu biyu da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata da amare ke sha, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, wasunsu na ɗauke da deksametason ko danginsa, maganin da aka san yana ɗaga sukari. Yarinyar da mahaifiyarta ke da ciwon in ta sha wannan, da hannunta ta jawo shi. Na biyu, shan ɗaci ba rigakafi ba ne. Babu jiƙon shuwaka ko darbejiya da aka tabbatar yana cire gadon nan, kuma ba ya maye gurbin gwaji. Neman sani da magani kuwa bai saɓa wa tawakkali ba.

Aikin gida

Kowa ya samo takarda ya ja layi uku. A layin farko a rubuta iyaye, shaƙiƙai da 'ya'ya. A na biyu kakanni, baffanni, gwaggwanni, kawunnai, innoni da 'yan uba. A na uku duk wanda kuke ci tukunya ɗaya da shi ko da ba jini. A sa alamar ja ga wanda asibiti ta tabbatar yana da ciwon, a sa alamar tambaya ga wanda alamu kawai aka ji, a rubuta shekarunsa lokacin da ya fara. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna, ya nemi abokin zamansa a aji su yi tare. Takardar taka ce, ba za a karanta sunan kowa a gaban aji ba.

Sannan a amsa waɗannan a littafi. Me ya bambanta gadon ciwon sukari da gadon sikila? Me ya sa Fulanin birnin Sakkwato suka fi na karkara kamuwa? Mace mai nauyin kilo 90, kilo nawa za ta rage in tana son sauke 7 cikin 100?

Duk wanda ya ga ja a layinsa na farko, kada ya jira ƙarshen zangon karatu. Ya ci abincin dare da wuri, kada ya ƙara komai sai ruwa, da sassafe ya je asibiti ko ɗakin gwaji mafi kusa a duba masa sukari, ya tafi da takardar nan a aljihunsa ya nuna wa likita.